SOYAYYAR WAYA CINIKIN BIRI NE A SAMA

Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A ranar 21 ga watan Yuli na shekarar 2012, wata budurwa 'yar shekara 24 mai suna Cynthia Osokogu ta hau jirgin sama daga Abuja zuwa Ikko, don ta sadu da waɗansu samari da ta saba da su ta Facebook. Yarinyar nan a Jos ta yi karatun sakandare, a makarantar sojoji ta Command, kuma a Jos ɗin iyayenta ke zaune. Mahaifinta, Manjo-Janar Frank Osokogu, tsohon babban hafsan soja ne, ita ce kuma 'yarsa mace tilo. A lokacin tana karatun digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, tana kuma da ɗan kantinta na sayar da tufafi a garin.

Samarin sun shafe watanni suna hira da ita ta waya, har ta saki jiki da su. Suka ce mata za su haɗa ta da kayan kanti masu rahusa, suka biya mata kuɗin jirgi, suka tarye ta, suka kai ta wani otel a unguwar Festac. A can suka zuba mata ƙwayar sa barci a cikin abin sha, suka ɗaure ta, suka kwashe wayoyinta da 'yan kayanta, suka bar gawarta a ɗakin. Gawar ta yi makonni a ɗakin ajiye gawa na asibiti ba a san ko ta wace ce ba, alhali iyayenta na can Jos suna cigiya. Da taimakon na'urar ɗaukar hoto ta otel ɗin da kuma bin sawun kiran waya 'yan sanda suka kama su. Sai a ranar 23 ga watan Maris na 2017 Babbar Kotun Jihar Ikko da ke Igbosere, a ƙarƙashin Mai Shari'a Olabisi Akinlade, ta yanke wa biyu daga cikinsu, Okwumo Nwabufo da Olisaeloka Ezike, hukuncin kisa ta hanyar rataya.

An kawo wannan labari ne ba don a tayar wa iyayenta da tsohon miki ba, sai don wanda ke ganin shi ya fi ƙarfin a yaudare shi ya sake tunani. Wannan yarinya ba jahila ba ce, ba kuma yunwa ce ta kore ta daga gida ba. 'Yar boko ce, 'yar kasuwa, 'yar babban gida. Abu ɗaya ne ya rage mata, watau ba wanda ya bincika mata ko su wane ne mutanen nan kafin ta kama hanya. In kuwa tarkon ya kama irinta, to, mai tura baro a Mile 12, da mai gadi a Lekki, da mai sayar da tsire a Fatakwal, ba su da dalilin cewa su sun tsira. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zangunan Hausawa na Kudu, cewa wai damfara ta intanet sana'ar 'yan Kudu ce, kuma wai Turawa kaɗai take ci. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, ta kuma zo ta koma mai ɗauke da Facebook da WhatsApp da TikTok, ɗan damfara ya daina bukatar jin Turanci. Yau da Hausa tsantsa ake yin ta, da sallama, da "in Allah ya yarda", da gaisuwar Juma'a. Mai yin ta yana iya zama a Ikko, yana iya zama a Jos ko Kano ko Kaduna. Wanda ake yi wa kuma, sau da yawa, ɗan Arewa ne da ya baro gida neman halaliyarsa.

Dalilin da ya sa ɗan ci-rani ya fi saurin faɗawa ba ɓoyayye ba ne. Mutum ne da ya baro Gangare ko Unguwar Rogo ko Bukuru, yana kwana a shago ko a rumfar kasuwa, yana shafe wata shida ko shekara bai ga gida ba. Da rana yana fama da harshen da ba nasa ba, da dare kuma ba shi da abokin hira sai wayarsa. Kuɗi na shigo masa kaɗan-kaɗan kullum, yana tarawa da niyyar aure ko gini. Ga kaɗaici, ga 'yan kuɗi a hannu, ga shi nesa da yayye da ƙannen da za su ce masa "dakata tukuna". Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ɗauki misalin mai kawo dankalin Turawa da kabeji daga kasuwar Farin Gada zuwa Mile 12. Wata rana da dare sai saƙo ya shigo masa daga wata kyakkyawar yarinya, ta ce ita 'yar Jos ce, a Rikkos gidansu yake, ta ga hotonsa ne ya kwanta mata a rai. Ta san sunan Terminus, ta san hanyar Bauchi, ta san sanyin Disamba. Mako na farko ba ta roƙi komai ba, sai ma faɗa take masa ya riƙa cin abinci a kan lokaci. Mako na biyu katin waya ya ƙare. Mako na uku mahaifiyarta ta kwanta asibiti. Daga nan sai kuɗin jarrabawa, sai wayarta ta faɗa ruwa shi ya sa ba za ta iya kiran bidiyo ba, sai kuɗin mota don ta zo Ikko wurin yayarta su gana. Ranar zuwa kuma sai motar ta lalace a Lakwaja. Kafin bawan Allah ya farga, jarin dankali ya tafi, kuma mai yiwuwa wanda yake ta kira "ƙanwata" wani ƙato ne mai gemu, wanda ya sato hoton 'yar mutane daga wani shafi, yake kuma yi wa mutum goma wannan tatsuniya a dare guda.

Mata ma ba a bar su ba, musamman zawarawa da 'yan mata masu neman mijin rufin asiri. Su nasu tarkon wani "Alhaji" ne da ke Dubai ko Ingila, ko wani "soja" da ke bakin daga, ko kuma wani shafi mai ɗauke da suna da hoton fitaccen ɗan wasan fim ɗin Hausa. 'Yan wasan kansu sun sha fitowa suna gargaɗin cewa ana buɗe shafuffuka da sunayensu ana karɓar kuɗin jama'a. Shi wannan Alhaji ba ya roƙo da farko, kyauta ma yake yi. Zai ce ya aiko da akwati cike da gwala-gwalai da atamfofi da daloli. Bayan kwana biyu sai wani ya bugo ya ce shi ma'aikacin kwastan ne a filin jirgin sama na Ikeja, kaya sun iso amma sai an biya kuɗin fito. A biya wannan, a ce saura na takarda. A biya na takarda, a ce an ga kuɗin waje a ciki, sai an toshe bakin wani. Mace ta sayar da ɗan kunnenta, ta ci bashin adashi, tana jiran akwatin da ba a taɓa ɗaurewa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Nau'i na uku ya fi waɗannan muni, shi ne na tsiraici. Za a ja mutum da hirar banza har ya aika hoton da bai kamata ba, ko ya tuɓe a gaban waya. Nan take murya ta sauya, a ce ya turo kuɗi ko a watsa hoton ga matarsa da surukansa da limamin unguwarsu. Ga Bahaushe, wanda mutunci ya fi masa dukiya, wannan wuƙa ce a maƙogwaro. Kuma abin ba ƙarami ba ne. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ba da sanarwar rufe shafuffukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan aiki. A watan Satumba na shekarar kuma wata kotu a Jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure waɗansu 'yan'uwa biyu daga Ikko, Samuel da Samson Ogoshi, shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 da suka matsa wa ta wannan hanya ya kashe kansa a 2022.

Kada kuma a ɗauka yara ne kawai 'yan zaman banza ke yin ta a lungu. Abin ya zama masana'anta. A watan Disamba na 2024 Hukumar EFCC ta kai samame wani dogon bene a Victoria Island a Ikko, ta kama mutum 792 a lokaci guda, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta ce a nan ake ɗaukar matasa aiki, a ba su kwamfuta da shafuffukan ƙarya, su ƙulla soyayya da mutane, sa'an nan a ja su zuwa zuba kuɗi a wani kasuwancin bogi. A Amurka kaɗai, hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta ce a 2022 mutum kusan 70,000 suka kai ƙarar damfarar soyayya, asararsu ta kai dala biliyan 1.3. In masu ilmi da lauyoyi na can sun yi irin wannan asara, ina ga mai sayar da albasa wanda sai an karanta masa saƙo?

To, mene ne magani? Waɗansu dattawa za su ce a raba yara da waya, a haramta neman aure ta intanet baki ɗaya. Niyyarsu mai kyau ce, amma maganar ba za ta yiwu ba. Da wayar nan ɗan kasuwa ke jin farashin tumatir a Farin Gada kafin ya yi lodi, da ita yake aika wa iyali kuɗin cefane, da ita yake ganin fuskar jaririn da aka haifa masa yana Anacha. Kuma gaskiya ce akwai waɗanda suka haɗu ta waya, aka yi aure na mutunci, suna zaune lafiya da 'ya'yansu. Laifin ba na wayar ba ne. Laifin shi ne an ɗauki sabuwar hanyar haɗuwa, aka yar da tsohuwar hanyar tantancewa.

A al'adar Bahaushe, ganin yarinya mafari ne kawai. Saurayi zai je zance a ƙofar gidansu, a idon ƙannenta da maƙwabta. In abin ya yi ƙarfi sai manya su shiga, a kai gaisuwa, a kai kayan na-gani-ina-so, iyayen kowane ɓangare su tura a yi bincike: ɗan gidan wane ne, mece ce sana'arsa, yaya halinsa, wa ya san kakansa. Sai an gamsu ake sa rana. Addini ma haka ya tsara, ba aure sai da waliyyi da shaidu da sadaki. Kiristocin Filato su ma ba sa ɗaura aure sai dangi sun san juna, an kuma yi shela a coci. Duk waɗannan matakai da matasa ke gani kamar wahala ce, katanga ce da aka gina don maƙaryaci ya kasa tsallakewa. Ɗan damfara yana iya satar hoto, yana iya kwaikwayon murya, amma ba zai iya ƙago gida da uba da mai unguwa ba.

Saboda haka abu na farko da ya kamaci duk wanda ya haɗu da wata ta waya shi ne ya nemi sunan mahaifinta da unguwarsu da masallaci ko cocin da ke kusa da gidan. Jos ba baƙon gari ba ne ga kowa. Tun zamanin haƙar kuza Hausawa ke zaune a can, kuma da wuya a sami zango a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun da ba a rasa mai ɗan'uwa a Dilimi ko 'Yan Shanu ba. Kullum motocin kayan gwari na tasowa daga Filato zuwa Kudu, suna komawa. Aika direba ko ƙane ya je ya yi sallama a gidan ba zai ci ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ake turawa a makance ba. Yarinyar kirki za ta yi murna da wannan. Wadda ta fara kawo uzuri, ta ce babanta mafaɗaci ne, ko ta ce a bari tukuna, ta riga ta ba da amsa. Matambayi ba ya ɓata.

Abu na biyu, kada kwabo ya fita zuwa ga wanda ido bai taɓa gani ba, komai daɗin bakinsa, komai tsananin labarin da ya kawo. Ɗan damfara kullum cikin gaggawa yake, kullum kuma yana son a rufa maganar kada kowa ya ji. Gaggawa da sirri, in suka haɗu da roƙon kuɗi, sun isa shaida. Har ila yau, kafin kuɗi su tafi, banki ko mai POS yana nuna sunan mai asusun. In wadda ke kiran kanta da sunan mace ta ba da asusu mai sunan namiji, ta ce na yayanta ne, gobe kuma ta kawo wani ta ce na maƙwabciya ne, to, a tsaya nan.

Abu na uku, a dubi shafin da kyau. Shafin da aka buɗe wata biyu da suka wuce, mai hoto uku kacal kamar na kalanda, wanda abokansa duk maza ne daga garuruwa daban-daban, ba 'yar'uwa ba abokiyar makaranta, abin tuhuma ne. Duk yaron da ya iya waya zai iya sa hoton a Google Lens ya ga ko na wata ce dabam. Kiran bidiyo yana taimakawa, amma shi ma yanzu bai isa hujja ba, domin an sami na'urorin da ke ɗora fuskar wani a kan ta wani, su kuma sauya murya. Abin da na'ura ba ta iya yi har yanzu shi ne ta fito ƙofar gida ta amsa sallama.

Abu na huɗu, wanda shi ne darasin marigayiya Cynthia, in har za a gana, kada a gana a ɗakin otel ko gidan da ba a sani ba. A gana da rana, a bainar jama'a, tare da ɗan rakiya, bayan an shaida wa na gida inda za a da wanda za a gani da lambar wayarsa. Kada mace ta yarda baƙo ya biya mata kuɗin mota ko na jirgi zuwa garin da ba ta da kowa, domin wanda ya biya kuɗin tafiya shi ke da iko da masauki. Namiji ma kada ya ce shi namiji ne. A wannan zamani na satar mutane don kuɗin fansa, muryar mace a waya ta isa ta kai ƙato hannun 'yan bindiga.

Akwai kuma wani gargaɗi ga masu ba da aron asusun banki. Sau da yawa ɗan damfara ba ya karɓar kuɗi da sunansa, sai ya sami wani mai shago ko ɗan acaɓa ya ce za a turo masa saƙo ta asusunsa, ya ba shi ɗan goro. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, kowane asusu yana ɗaure da yatsun mai shi da hotonsa. Ranar da asiri ya tonu, mai asusun za a fara kamawa. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 da ta haramta yin sojan gona da sunan wani. Ɓarawon zaune ba ya cewa bai sani ba.

Amma babban abin da ke ciyar da wannan sana'a gaba shi ne kunya. Magidanci mai mata biyu a Bukuru ba zai so a ji wata 'yar waya ta wanke shi ba. Bazawara ba za ta so a ce ta sayar da gadonta don mijin da ba ta taɓa gani ba. Sai kowa ya haɗiye, ɓarawo kuma ya wuce ga na gaba da hoto ɗaya da lamba ɗaya. Jama'a ma suna da laifi a nan, domin wanda ya fito ya faɗa, dariya ake masa a majalisa maimakon jaje. Kamata ya yi wanda abin ya faɗa wa ya daina tura kuɗi nan take, kada ya goge saƙonni da rasit, ya garzaya bankinsa a ranar, sa'an nan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC, wanda akwai shi a titin Awolowo da ke Ikoyi, akwai kuma a Badun da Benin da Inugu da Fatakwal. Wanda ake yi wa barazana da hoto kuwa ya sani biya ba ya kashe wutar, ƙara mata mai yake yi. Gara ya sami babba guda da ya amince da shi ya faɗa masa. Kunyar yini ɗaya ta fi bautar shekara.

A nan ne Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin kasuwanni da limamai da fastoci ke da aiki. Yadda ake shelar ɓatan yaro ko zuwan baƙo, haka ya kamata a riƙa shelar sababbin dabarun 'yan damfara bayan sallar Juma'a da wurin taron ƙungiya. Kowane zango ya ware mutum biyu ko uku masu ilmi da riƙon amana, waɗanda za a iya kai wa irin wannan kuka a asirce, su raka mutum banki ko caji ofis, tun da yawancin masu ci-rani tsoron ofis suke yi saboda rashin Turanci. Su kuma hukumomi su tuna cewa shari'ar Cynthia, duk da mahaifinta janar ne kuma duk jaridun ƙasar nan sun ɗauki maganar, sai da ta kusa cin shekara biyar. In ta janar ta yi haka, talaka zai ga kai ƙara ɓata lokaci ne. Tilas a gaggauta irin waɗannan shari'o'i, a kuma riƙa yin faɗakarwa da Hausa a rediyo, ba da Turanci kaɗai ba.

Ɗan Arewa ya san darajar kuɗinsa. Ba ya sayen sa a kasuwa sai ya duba haƙoransa, ba ya sayen buhun dankali sai an kwance masa baki ya ga na ƙasa. Abin mamaki ne a ce mutumin da ke wannan taka-tsantsan a kan dabba da kayan miya, shi ne zai miƙa zuciyarsa da guminsa na shekara ga hoton da ke cikin waya. Neman aure ba laifi ba ne, son mutum ma ba laifi ba ne. Amma a bi ta ƙofa, a sa manya a gaba, a tura a gano gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kare bayinsa daga sharrin mayaudara, ya ba masu nema abokan zama na gari, ya kuma mai da kowane matafiyi gida da mutuncinsa da dukiyarsa, amin.